Albashin Fari na Ma'aikatan Jinya a Nijeriya

Laccar da wata tsohuwar malamar makarantar koyon aikin jinya ta gabatar a zauren taro na Ƙungiyar Ɗalibai. Mun buga ta a nan saboda waɗanda ba su sami halarta ba.



Ina godiya ga wannan ƙungiya da ta ga ya dace a kira tsohuwa irina ta zo ta yi magana a gaban masu ilmin zamani. An nemi in yi bayani a kan albashin da ake fara biyan ma'aikatan jinya idan sun gama karatu. Da takardar gayyata ta iso mini sai da na yi ɗan mamaki, domin na san mafi yawan waɗanda ke zaune a wannan zaure ba aikin jinya suke karantawa ba. Akwai masu karatun shari'a, akwai na tattalin arziki, akwai na sha'anin mulki. Amma da na sake tunani sai na ga ai ku ne ma kuka fi cancanta ku ji. Nan da 'yan shekaru ku ne za ku zauna a ma'aikatar kuɗi da hukumar ɗaukar ma'aikata, kuna rubuta takardun da za su yanke wa nas abin da za ta kai gida. Wasunku ma, na ga alama, sun riga sun fara zama a kan waɗannan kujeru. Sa'an nan babu ɗayanmu da ya isa ya yi rantsuwa cewa ba zai kwanta a gadon asibiti ba.

Zan riƙa cewa "ita" a cikin maganata saboda mata sun fi yawa a wannan aiki. Maza ma'aikatan jinya, waɗanda muke da su da yawa a nan Arewa, su yi mini afuwa, duk abin da na faɗa har da su.

Albashina na fari

Na karɓi albashina na fari a shekarar 1981. A wancan zamani layi ake bi a gaban tagar akawu, ya ƙirgo maka kuɗinka a hannu, ka sa hannu a littafi. Kun san al'adarmu game da albashin fari: ba naka ba ne, na neman albarka ne. Na saya wa mahaifiyata turmin atamfa, na yanka wa mahaifina yadin riga, na sayi goro aka raba wa maƙwabta, na ba ƙannena na kashewa. Bayan duk wannan, abin da ya rage ya kai ni ƙarshen wata ba tare da na ci bashin kowa ba. Kafin shekara ta zagayo na sayi keken ɗinki.

Ba don in yi muku kirarin zamanin da na kawo wannan labari ba, zamaninmu ma yana da nasa wahalhalu. Na kawo shi ne saboda abin da ya faru bara. Wata ɗalibata, wadda ina cikin waɗanda suka yaye ta, ta zo gaishe ni wata huɗu bayan ta kama aiki a wani asibiti mai zaman kansa. Ta kawo mini sabulu sinƙi ɗaya tana sunkuyar da kai, ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, na so in zo tun watan farko, amma da na cire kuɗin mota da na abinci ban ga abin da zan riƙo ba." Yarinyar nan ita ce ke kwana da marasa lafiya ita kaɗai sau uku a mako. Tun daga ranar maganar ba ta bar zuciyata ba, kuma ita ce ta kawo ni nan yau.

Hanyar da ake bi kafin a kai ga albashin

Kafin mu yi maganar abin da ake biya, ya kamata mu san abin da aka saya. Hanya biyu ake bi a zama cikakkiyar ma'aikaciyar jinya a ƙasar nan. Ta farko ita ce makaranta ko kwalejin koyon aikin jinya, inda aka daɗe ana yin shekara 3 kafin a zauna jarrabawar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya. Ta biyu ita ce jami'a, wadda Jami'ar Ibadan ta buɗe ƙofarta tun 1965. A nan shekara 5 ake yi, a ƙara da shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, sa'an nan shekara 1 ta bautar ƙasa. Watau shekara 7 ke nan, in babu yajin aikin malamai, in kuma an sami gurbin sanin makamar aiki da wuri. Guraben nan kuwa ba su da yawa, akwai masu zaman jiran su wata da watanni.

Karatun kuma ba na zama a aji kaɗai ba ne. Ɗalibar jinya tana aikin dare tun tana makaranta. Tana wanke gyambo, tana juya wanda ya shanye, tana riƙe hannun mai naƙuda, tana rufe idon mamaci, alhali sa'o'inta na wasu sassa suna barci a ɗakunansu. Iyayenta sun sayar da hatsi ko dabba sun biya kuɗin makaranta da na kayan aiki da na jarrabawa. Ranar da ta karɓi lasisi, gida duka ya zuba mata ido. Wannan ita ce wadda za mu tambaya: nawa aka ce ta karɓa?

Yadda ake yanka albashin

Tsarin matakan albashi da muka sani ya samo asali ne daga hukumar da Gwamnatin Janar Gowon ta kafa a 1972 a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji, wadda ta miƙa rahotonta a 1974. Ita ce ta jera ma'aikatan gwamnati a kan mataki na 1 zuwa na 17. Ku tambayi kakanninku labarin kuɗin Udoji, za su gaya muku yadda aka sayi babura da rediyo, da kuma yadda 'yan kasuwa suka bi bayan kuɗin da ƙarin farashi. Daga baya aka yi ta ware wasu ma'aikata ana yi musu nasu tsari. A 2009 aka fito da tsari biyu na ma'aikatan lafiya: ɗaya na likitoci, wanda ake kira CONMESS, ɗaya kuma na sauran ma'aikatan asibiti, wanda ake kira CONHESS, mai matakai 15. A wannan na biyun ma'aikatan jinya suke, tare da masu haɗa magunguna da masu gwaje-gwaje da sauransu.

To, a nan ne wanda bai sani ba yake ruɗewa. Yana jin an ce akwai tsari sai ya zaci albashin nas ɗaya ne daga Sakkwato har Fatakwal. Ba haka abin yake ba. Tsarin nan Gwamnatin Tarayya ya ɗaure, ita ce ke bin sa a asibitocin koyarwa da manyan cibiyoyinta na lafiya. Kowace jiha kuwa tana da ikon yanka nata. Wata ta ɗauki tsarin duka, wata ta ɗauki wani kaso nasa, wata ta yi alkawari ta bar shi a takarda. Ƙananan hukumomi, waɗanda ƙananan asibitocin karkara suka daɗe a hannunsu, galibi sun fi kowa rauni wajen biya. Asibitoci masu zaman kansu kuma ciniki ne tsakanin mai asibiti da mai neman aiki, kuma kun san wanda ke da ƙarfi a irin wannan ciniki. Daɗin daɗawa, dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ƙananan asibitoci da yawa kuwa ba su kai ba.

Saboda haka yara huɗu za su fito daga aji ɗaya, da lasisi iri ɗaya, su shiga ƙofa huɗu, kowace da nata albashi. Abin takaicin shi ne, wadda ta tafi inda aka fi bukatarta, watau ƙauyen da babu likita, ita ce ta fi kowa ƙarancin samu.

Ko wadda ta yi sa'a ta shiga aikin gwamnati, abin da aka rubuta a takardar ɗaukarta ba shi ne ke shiga hannunta ba. Za a cire haraji, a cire kashi 8 cikin 100 na fansho kamar yadda dokar 2014 ta tanada, a cire kuɗin ƙungiya. Sau da yawa kuma sabon ma'aikaci yakan yi watanni yana aiki kafin sunansa ya shiga jerin waɗanda ake biya. A waɗannan watanni da me ake so ta hau mota ta zo aiki?

Muhimmancin matakin farko

Jama'a, in kun manta da duk abin da na faɗa yau, ina roƙonku ku riƙe wannan. Albashin fari ba kuɗin wata ɗaya ba ne. Shi ne harsashin da ake ɗora sauran shekarun aiki duka a kansa. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

A ƙa'idar aikin gwamnati, babban ma'aikaci a matakan tsakiya yakan yi aƙalla shekara 3 kafin ya cancanci ƙarin girma. Mu ƙaddara yara biyu sun gama jami'a rana ɗaya, an ɗauke su aiki rana ɗaya, amma an ajiye ɗaya mataki guda ƙasa da ɗaya. Ta ƙasan za ta yi shekara 3 kafin ta iso inda 'yar'uwarta ta fara. Kafin ta iso, waccan ta yi gaba. Haka za su yi ta tafiya har ranar ritaya, tazarar ba za ta rufe ba. Alawus da yawa kuma bisa mataki ake lissafa su. Kuɗin fansho, da kashi 8 nata da kashi 10 na gwamnati, bisa albashin ake lissafa su, don haka ko bayan ta ajiye aiki kuskuren ranar farko yana biye da ita. Alƙalami ɗaya da wani jami'i ya ja a ofis, wataƙila bai ko ɗaga kai ba, ya bi mutum har tsufansa.

Wannan ne ya sa ma'aikatan jinya masu digiri suka yi shekaru suna gwagwarmaya a kan matakin da za a fara ɗaukar su, suna cewa a daidaita su da sauran waɗanda suka yi shekara 5 a jami'a a fannin lafiya. Wanda ke kallo daga nesa sai ya ce rigimar girma ce. Rigimar abinci ce ta tsawon rai. A 2016 majalisar ƙasa mai tsara matsayin ma'aikata ta zauna a Minna ta amince da sabon tsarin aiki na ma'aikatan jinya. Shekara 9 bayan haka, a ƙarshen Yulin 2025, da ma'aikatan jinya na asibitocin Tarayya suka shiga yajin aikin gargaɗi, buga wannan tsari a jaridar gwamnati yana cikin bukatunsu, tare da alawus na aikin dare da na kayan sawa na aiki. An janye yajin bayan 'yan kwanaki da aka zauna da gwamnati. Ku da za ku zama jami'an gobe, ku dubi tsawon lokacin da takarda ɗaya za ta iya yi a kan tebur.

Abin da kuɗin ke saye

Wani zai ce ai an yi ta ƙarin albashi. Gaskiya ne. Mafi ƙarancin albashi naira 125 ne a 1981, shekarar da na kama aiki. Ya zama 18,000 a 2011, ya zama 30,000 a 2019, ya zama 70,000 a 2024. Lambobi sun yi ta kumbura. Amma a 1981 naira ta fi dalar Amurka daraja, naira 125 ɗin nan ta kai kimanin dala 200. A 2024 kuwa naira 70,000 ba ta kai dala 50 ba. Ma'aikatan jinya ba a kan mafi ƙarancin albashi suke ba, amma ruwan da ya ci ƙasan tsani shi ne ke cin sauran matakai.

A 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙara wa mafi yawan ma'aikatan lafiya kashi 25 cikin 100. A wannan shekarar ce kuma aka janye tallafin man fetur, aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Litar man da ba ta kai naira 200 ba a farkon 2023 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin 100 a Disambar wannan shekara. Ƙarin da aka ba ta da hannun dama, kasuwa ta karɓe da hagu, har da ribarta. Nas kuwa ba ta da damar da wasu ma'aikata ke da ita ta rage zuwa ofis. Dole ta zo, da dare ko da rana, ran salla ko ran kasuwa, ko nawa mai mota ya ce.

Ga kuma kuɗin kasada. Har annobar korona ta iso a 2020, alawus na dindindin da ake ba ma'aikacin lafiya na Tarayya saboda haɗarin kamuwa da cuta naira 5,000 ne a wata. Sai a ƙarshen 2021 aka ƙara shi. Wannan a ƙasar da zazzaɓin Lasa ke kashe ma'aikatan asibiti kusan kowace shekara, a ƙasar da cutar Ebola ta kashe likitoci da ma'aikatan jinya a Legas a 2014. Cuta ba ta tambayar mataki. Hasali ma sabuwar ma'aikaciya ce ta fi kusa da gadon majinyaci, domin manya sun koma ofis.

Inda ruwan ke gangarawa

Idan albashin fari bai riƙe mutum ba, tafiya zai yi, kuma tafiyar hawa-hawa ce. Ta ƙauye tana neman birni. Ta jiha tana neman Tarayya. Ta Tarayya tana neman fasfo. Akwai kuma wadda ba a lissafa ta a ko'ina, wadda ta ninke farar rigarta ta sa a akwati ta koma sayar da atamfa, ko ta zauna a gida domin mai gida ya lissafa ya ga kuɗin motarta ya kusa cinye abin da take samu.

A watan Fabrairun 2024 magatakardan Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ya bayyana cewa ma'aikatan jinya 42,000 ne suka bar ƙasar nan cikin shekara 3, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Ingila da Amurka da Kanada da Saudiyya su ne ke kwasa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A 2025 sabuwar nas a asibitocin gwamnatin Ingila tana farawa da fam 31,049 a shekara, watau kusan naira miliyan 5 a wata a canjin wannan shekara, kafin a cire haraji. Kada wannan lamba ta ruɗe ku. Kuɗin haya da haraji da ɗumama ɗaki suna cinye kaso mai yawa, ga kaɗaici, ga sanyi, ga rainin da baƙo ke sha. Su kansu ma'aikatan jinya na Ingila sun yi yajin aiki a Disambar 2022 a kan albashi. Amma duk da haka abin da ke ragewa ya isa a aiko gida, kuma a nan gizo ke saƙar.

Me aka yi da aka ga haka? A Fabrairun 2024 majalisar ta fito da ƙa'idar cewa sai mutum ya yi aikin shekara 2 bayan samun lasisi kafin a tantance masa takardunsa na fita waje. Ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, har Majalisar Wakilai ta sa baki. Ni na fahimci damuwar da ta haifi wannan ƙa'ida, domin ni ma nakan ji zafi idan na ga ɗalibar da na yi shekara 3 ina koyarwa tana jinyar tsofaffin wata ƙasa alhali na garinsu suna kwance babu mai duba su. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da bai kamata a riƙa farautar ma'aikatan lafiyarsu ba. Amma wanda tulunsa ke yoyo ta ƙasa, toshe baki ba zai tsare masa ruwa ba. Wadda aka hana fita kuma ba a ba ta abin zama ba, ba asibitin ƙauye za ta tafi ba, kasuwa za ta shiga.

Wa ke biyan wannan asara? Bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, mata kimanin 75,000 suka rasu a Nijeriya a 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, kuma mun san Arewa ce ta fi ɗaukar nauyin. Idan mace ta fara zubar jini bayan haihuwa da tsakar dare, ba gini ne zai tsayar da jinin ba, hannun wadda ta san aiki ne. Inda babu ita kuma sai wanda bai koyi aikin ba ya sa farar riga ya shiga, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mun taɓa gwada magani. A 2009 aka fito da shirin tura ungozoma zuwa ƙananan asibitocin karkara, da sababbi da marasa aiki da waɗanda suka yi ritaya. Aka tsara Tarayya ta biya wani kaso na alawus, jiha ta biya nata, ƙaramar hukuma ta ƙara ta kuma ba da masauki. Tunanin mai kyau ne. Amma jihohi da ƙananan hukumomi da yawa ba su cika nasu alkawari ba, ungozomomi kuwa suka riƙa tattara kayansu. Darasin a fili yake: ana iya tura mutum ƙauye da takarda, amma ba takarda ce ke zaunar da shi ba.

Maganganun da akan yi

Akwai masu cewa aikin jinya aikin lada ne, bai kamata mai yin sa ya riƙa lissafin kuɗi ba. Na yi aikin nan fiye da shekara 30, ba na bukatar a gaya mini akwai lada a cikinsa. Amma ban taɓa jin an ce wa injiniya ko alƙali ya haƙura da albashi saboda lada ba. Sai aikin da mata suka fi yawa a ciki ake yi wa wannan wa'azi. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Kuma duk wanda ya taɓa kukan cewa nas ta daka masa tsawa, ba na kare tsawar, amma ya tambaya mutum nawa take dubawa ita kaɗai a daren, da kuma ko ta ci abinci.

Akwai masu cewa babu kuɗi. Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Jihohi da yawa albashi ke cinye mafi yawan abin da suke samu. Amma a 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu saboda lafiya. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa kaiwa ba, takan tsaya kusa da kashi 5. Sa'an nan mu yi lissafin 'yan kasuwa: jiha ta gina makaranta, ta biya malamai, ta horar da yarinya, sa'an nan ta rasa ta saboda ɗan bambancin da ke tsakanin albashinta da na maƙwabciya. Wannan ba tsimi ba ne, noma ne wani ya girbe.

Akwai kuma masu cewa in an ƙara wa nas, likita zai taso, mai haɗa magani zai taso. Haka ne, kuma wannan kishi tsakanin ƙungiyoyin lafiya ya daɗe yana cin mu. Amma maganinsa a auna kowane aiki da ma'auni ɗaya a bainar jama'a, shekarun karatu da nauyin aiki da haɗarinsa, a daina barin sai wanda ya fi iya rufe asibiti ne ke samun ƙari.

Abin da nake roƙo

Ga hukuma, buƙatuna ba su da yawa. A ajiye sabuwar ma'aikaciya a matakin da karatunta ya kai, kuma takardar da aka amince da ita a zartar da ita. A biya ta tun watan farko. Jihohi su rage tazarar da ke tsakaninsu da Tarayya, su kuma juya lissafin yadda wadda ta tafi ƙauye za ta fi ta birni samu, da masauki mai ƙofa da ruwa. Dokar 2024 ta ce a riƙa duba mafi ƙarancin albashi duk shekara 3, to a riƙa duba na ma'aikatan lafiya tare da shi ba sai an rufe asibiti ba. Masu ba asibitoci masu zaman kansu lasisi kuma su riƙa tambayar abin da ake biyan ma'aikata kamar yadda suke ƙirga gadaje.

Ga 'ya'yana masu karatun jinya, ranar da aka miƙo muku takardar ɗaukar aiki, kada murna ta hana ku karanta ta. Ku dubi mataki, ku dubi rukunin da ke cikin matakin, ku gwada da tsarin aiki. In akwai kuskure ku rubuta ƙorafi cikin ladabi tun a watan farko, ku ajiye kwafi, domin gyaran da ba a yi a shekarar fari ba yakan gagara a ta goma. Wadda za ta shiga asibiti mai zaman kansa ta nemi a rubuta mata albashi da sa'o'in aiki a takarda. Ku shiga ƙungiyarku, ku halarci taronta, kada ku bar wa tsofaffi su kaɗai su yi cinikin albashinku, domin wanda ya kusa ritaya hankalinsa yana kan saman tsani. Amma ku tuna, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Majinyacin da ke gabanku ba shi ya yanka muku albashi ba, kada ku huce a kansa. Wadda kuma ta yanke shawarar fita waje, ba zan tsine mata ba, sai dai in ce ta bar ƙofa a buɗe, ta koyo abin da za ta dawo mana da shi.

Ga sauranku, wata rana fayil zai zo gabanku da sunan wata yarinya da ba ku sani ba, a ce ku rubuta matakin da za ta fara. Kada ku ajiye shi sai wani mako. Ku buɗe tsarin aiki ku duba, ku rubuta mata haƙƙinta. Mai yiwuwa ita ce za ta tsaya a kan matarku ko mahaifiyarku da ƙarfe 3 na dare.

Ɗalibar nan tawa mai sabulu tana nan tana aiki, amma ta gaya mini ta fara tara kuɗin jarrabawar Turanci ta masu fita waje. Na yi shiru, domin ban da abin da zan ba ta a madadi. Ku ne za ku samar da shi.